Shekarar da Na Ji Tsoron Ruwan Shuka

Bana ruwa ya yi jinkiri a Dutsin-Ma. Sati uku ke nan hadari na haɗowa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe wa mutane shanya, sannan ya watse ya bar mu da zufa. Ranar Juma'ar da ta wuce liman ya yi roƙon ruwa ta lasifika. Ina zaune a tsakar gida ina amsawa da ƙarfi, har jikata Bilki ta leƙo daga kicin tana dariya, wai ko Hajiya na da eka goma a daji ba su sani ba. Na ce ta koma ta duba girkinta kafin ta ciyar da mu ƙauri. Ita ba ta san akwai shekarar da aka yi irin wannan roƙo a gabana, bakina ya ƙi buɗuwa ba.

Lokacin ban fi shekara ashirin ba, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ina aure a wata 'yar unguwar manoma tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, gida bai fi goma sha biyar ba. Mu huɗu ne a gidanmu: ni, da Malam mijina, da mahaifiyarsa Inna Kande, da 'yar da nake goyo. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. 'Yar Karofi take ce mini, don daga can aka kawo ni. Gajeriya ce mai faɗan tsiya, amma in ta ga hannuna ya mutu a kan turmi sai ta karɓi taɓarya tana mita, wai 'yan matan yanzu ba su da ƙashi.

Gonarmu ɗaya ce tak. Ana ce mata gonar gawo, saboda wasu manyan itatuwan gawo uku da ke tsakiyarta. Gado ce tun daga kakan Malam. Ita ce tuwonmu, ita ce harajinmu, ita ce zanen sallata. Shekara uku kafin nan surukina ya kwanta ciwon da bai tashi ba, gyaɗa ta lalace, ga masu haraji a ƙofa. Malam ya je Dutsin-Ma wajen Alhaji Tanko mai sayen hatsi, ya karɓi fam goma sha biyu, ya jinginar da gonar. Aka rubuta takarda. Mu ci gaba da nomanmu, amma in kaka uku ta wuce ba a biya ba, gona ta zama tasa. Kaka uku kuwa ta wuce kamar an kore ta. Kowace shekara abin da muka samu ciki ne ke cinyewa.

Ana gama ɗaurin dawa aka kira Malam gaban alƙali a Kurfi. Ya fita da hantsi, bai dawo ba sai bayan la'asar. Da ganin yadda ya jingine sandarsa na san babu daɗi. Ya durƙusa gaban Inna, tana kaɗi.

Ya ce, “Inna, an yanke. Gona ta zama ta Alhaji.”

Mazarin ya tsaya a hannunta.

“Amma alƙali ya bar mamu ƙohwa. Ya ce tunda gonar gado ce, kuma ba saida ta muka yi ba, muna da ikon hwansa. In mun kai kuɗɗin gabanshi kahin ruwan shuka ya sauka Alhaji ya zuba iri, tilas ya amsa ya sakar mamu. In kau iri ya shiga ƙasa, shi ke nan, ba mu ba ita har abada.”

Inna ta ce, “Wata nawa ke nan?”

“Shidda, in ruwa bai yi gaggawa ba.”

“To tashi ka ci abinci. Ba a neman kuɗɗi da yunwa.”

Kwana huɗu bayan nan Malam ya bi 'yan cin rani zuwa Jos haƙar kuza. Muka raba nauyin: shi ya nemo fam takwas, mu mata mu haɗa huɗu. Na yi masa guzurin gumba da ƙuli-ƙuli. A ƙofar gida ya dubi 'yar da ke bayana, ya dube ni, ya ce zai dawo kafin bazara. Ban amsa ba, don Inna na tsaye.

Duk tsawon ranin nan ba mu zauna ba. Da safe in yi dakau a gidan mai unguwa, a biya ni kwabo da ɗan dusa. Da rana mu yi kaɗi, ni da Inna, har yatsana ya yi kanta. Da ɗorawa ta nuna muka shiga daddawa: a dafa kalwa wuni guda, a surfe, a wanke, a rufe ta ruɓa, gida ya ɗauki warin da ko kaza ba ta son shiga. Ran kasuwar Kurfi Inna ta ɗora tallan a ka ta tafi. In ta dawo sai ta kwance bakin zane, ta zube kwabbai da sisi a faifai, ta ƙirga sau biyu, ta zuba a wata 'yar tukunya da ta binne a ƙarƙashin gadonta. Na sayar da tasoshin jerena biyu da munduwar da gwaggona ta ba ni. Akuyarmu ma ta tafi, da cikinta.

Shi kuwa Alhaji bai tsaya jiranmu ba. Kuma gaskiya ba zan ce azzalumi ne ba, ɗan kasuwa ne kawai da ya san gona mai kyau in ya gan ta. Ya turo baransa, wani ƙato mai suna Mati, ya share gonar ya ƙone karan. Aka yi ta jigilar taki da jakai. Daga baya ya biya wasu Fulani suka sauke shanunsu a ƙarƙashin gawo. Hanyar rijiyarmu ta gefen gonar ta bi, don haka kullum sai na gani. Ina wucewa da tulu a ka, ina kallon tulin taki jere a gonar da na yi wa noman farko da ciki wata bakwai, sai in ji kamar an shiga ɗakina an kwanta a gadona. Inna kam da gangan take tsayawa.

Ta ce wa Mati, “Zuba da yawa, ɗana. Zuba ta wajen kwarin can ma. Allah shi yi maka albarka, ka hutar da mu.”

Mati ya yi dariya ya ce, “Inna, bana dai gero na Alhaji ne.”

“Bakinka ya sari ɗanyen kashi.”

A shekarun nan azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa. Ban ƙara ganin zafi irin na wannan watan ba. Kafin azahar ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Ruwan randa ya koma kamar an ɗora a wuta. Rijiya ta ja baya har sai mun ƙulla igiya biyu, guga ya fito da rabi ruwa rabi laka, a ajiye ya kwanta kafin a sha. Nonona ya ragu, yarinya ta yi ta tsotso tana kuka. Inna ta ce in sha azumin in rama daga baya, na ƙi, don a raina ina ganin da wane ido zan roƙi Allah gona in na kasa yi masa ƙishirwa. Buɗa baki kunun tsamiya ne tsararo, sai tuwon da muka fara haɗawa da dusa, miyar busasshiyar tafasa ba mai. Rumbu ya yi ƙasa har sai na shiga ciki da ƙafa kafin in ɗauko dami. Inna ta koma auna tsaba da ɗan ƙoƙo, ta shafe bakinsa da yatsa.

Malam bai dawo ba. Bazara ta shigo ta zauna, aka yi sallah ba shi. Ko saƙo babu. Mazan da suka tafi Kano da Gusau duk suka dawo suna gyaran sungumi da fartanya, 'yan Jos shiru. A tukunyar Inna akwai fam huɗu da sule goma.

Tun ina yarinya, in iska ta juyo daga kudu ta kawo ɗan sanyin nan, murna ake yi. A wannan shekara kuwa, ranar da na fara jin ta a wuyana gabana ya faɗi. Na koma mai duban sama. In na fito da safe gabas nake fara kallo kafin in gaida Inna. In na ga shamuwa ta sauka kan kuka sai in ji haushinta. Gawo ya fara zubar da ganye, alamar damina ta matso, kowa na nuna wa ɗan'uwansa yana hamdala, ni kuwa sai in kau da kai.

Kwana goma sha biyu bayan sallah, da hantsi, hadari ya taso. Iska ta zo da ƙasa, sai ga ruwa. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, wanda har yau ban san abin da ya fi shi daɗi ba, yara suka fita tsirara suna ihu. Ni ina tsaye bakin ƙofar ɗaki, yarinya a hannu. Bai daɗe ba ya ɗauke. Amma kafin azahar sai ga Mati da mutum uku da jaki, da sungumi da buhun iri, sun nufi gonar gawo.

Inna ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Na bi ta a guje. Muka tarar har sun sauke kaya.

Ta ce, “Kai Mati, mi za ka yi?”

“Shuka, Inna. Ko ba ki ga ruwa ba?”

“Wanga yayyahin kake ce ma ruwa? Alƙali ruwan shuka ya ce. A kira Sarkin Noma.”

A wajenmu ba mai gona ke cewa ruwa ya isa shuka ba, Sarkin Noma ne. Tsoho ne dogo mara yawan magana. Yadda yake yi, sai ya je tsakiyar gona ya tona ƙasa da hannu. In danshi ya kai wuyan hannunsa, ruwan shuka ne, kowa ya fita. In bai kai ba, duk wanda ya shuka shi ya jiyo, don iri zai tsiro rana ta ƙone shi. Aka kira shi, ya zo a hankali kamar ba abin da ke faruwa, rabin unguwa na biye da shi.

Mati ya nuna masa gindin gawo, inda inuwa take da taki. Sarkin Noma ko kallon wurin bai yi ba. Ya taka zuwa fili, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Na matsa har ina jin numfashinsa. Yatsunsa suka shiga ƙasa baƙa mai laima. Ya ƙara tonawa, baƙa. Tafin hannu ya fara nutsewa, har yanzu baƙa. Na rufe ido, na ji Inna ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Da na buɗe sai na ga ya ɗago hannu yana murza ƙasa, tana zuba fara fat, busasshiya.

Ya tashi ya karkaɗe gwiwa. Ya ce, “Saura yatsa biyu. Wanga ba ruwan shuka ba ne, mai kashe iri ne. Ka kwashe kayanka, Mati. In ka zuba, ka yi ma ubangidanka ɓarna, kuma ni zan shaida gaban alƙali ba shuka ba ce.”

Mati ya yi ta ƙunƙuni yana ɗaure buhu. Ni kuwa a nan na zauna daɓas a ƙasa. Yatsa biyu ne tsakaninmu da rasa gonar.

Daga ranar sama ta rufe. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ko ɗigo. Zafi ya dawo ya fi na da. Waɗanda suka yi gaggawar shuka a wasu unguwanni, irinsu ya tsiro ya ƙone. Hatsi ya yi tsada a Kurfi. Rijiya ta koma sai an kwana biyu ta tara abin tulu goma. Shanun Fulani suka fara faɗuwa. Maƙwabciyata Hansai, mai 'ya'ya biyar, ta zo aron ƙoƙon dusa tana share ido da gefen zane. Na ba ta. Amma in faɗi gaskiya, duk safiyar da na ga sama fes, wani abu a cikina sai ya yi sanyi. Kuma ina jin kunyar wannan sanyin.

Aka sa ranar roƙon ruwa. Tsofaffi suka dama gumba aka raba sadaka. Maza suka fita filin idi da tsofaffin riguna, mu mata muka tsaya baya ƙarƙashin wata tsamiya. Aka yi salla, liman ya juya rigarsa, maza suka juya nasu, ya ɗaga hannu ya fara roƙo. Ya roƙa don jarirai, don dabbobin da ba su yi laifin komai ba, don tsofaffi. Kowace gaɓa jama'a su amsa da amin kamar ƙasa za ta tsage. Hansai na gefena tana kuka. Na ɗaga hannuna kamar kowa, amma harshena ya yi nauyi. In na ce amin, na roƙi a ƙwace mana gona. In na yi shiru, na roƙi 'ya'yan Hansai su ci gaba da yunwa. Na tsaya da baki a rufe har aka shafa. Inna kuwa, a ɗaya gefena, amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi.

A hanyar gida ta bari mutane suka yi nisa.

Ta ce, “'Yar Karofi, ban ji muryarki ba.”

Na sunkuyar da kai.

“Kina tsammani ni ban son gonar? Can aka kai ni ina amarya na kai ma uban mijinki hura. Amma ban iya tsayawa gaban Allah in ce a hana gari ruwa don gidan mutum huɗu. In ta tahi, ta tahi.”

Na ce, “Inna, na kasa ne.”

Ta yi tafiya kaɗan kafin ta ce, “Na sani. Ni ma da ƙyar ya hito.”

Kwana biyu bayan nan Malam Audu, maƙwabcinmu da suka tafi Jos tare da mijina, ya iso. Ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Ya ce sanyin can ya kwantar da Malam wata biyu, kuɗin da ya fara tarawa ya tafi a magani. Yanzu ya tashi yana aiki, ya tsaya jiran biyan ƙarshe, zai taho nan da kwana goma da cikon. Ya ciro wani tsumma daga lalitarsa ya miƙa wa Inna. Fam shida ne. Muka tono tukunya muka haɗa: fam goma da sule goma. Saura sule talatin, wato fam ɗaya da rabi.

Kwana goma! Na fita tsakar gida na dubi gabas. Gajimare ya fara taruwa, fari tukuna, amma mai nauyi, iska ta tsaya cik, tururuwa na jigilar ƙwai a gindin danga. Ko makaho ya san ruwa ba zai kai kwana goma ba. Muka zaga unguwa neman rance. Wa ke da sule talatin a irin wannan lokaci? Wanda ya fi kowa ƙoƙari sisi ya ba mu.

Washegari kasuwar Kurfi ce, kuma Alhaji na zuwa da sikelinsa. Inna ta ce mu je mu roƙe shi ya karɓi abin da ya samu, ya jira cikon. Muka fita da sassafe, ni da goyo, ita da kuɗin ɗaure a ƙugu, Malam Audu na gaba don mu samu namijin da zai shigar da mu wajen alƙali. Duk tsawon hanya ina waiwayen sama. Ta yi duhu ta gefe guda, ana jin cida can nesa.

Aka kira Alhaji daga kasuwa. Ya zo da fara'arsa, ya gaida Inna har ƙasa. Aka zube kuɗi a tabarma, magatakarda ya ƙirga. Alƙali ya ce shi ba zai tilasta wa mai haƙƙi ya karɓi ragi ba, sai in ya yarda don kansa.

Alhaji ya ce, “Allah shi gahwarta Malam, na zuba taki na hi na sule talatin a gonar nan, ban ce a biya ni ba. Amma jira kam ban yi. Ga hadari can, Mati na bakin gona da iri.” Ya shafa gemu. “Sai dai abu guda. Na san marigayi mijin Inna shina da irin geron zango wanda babu kamarshi a ƙasar nan. In akwai shi a gida, a ba ni duka, in yahe cikon.”

Akwai shi. Dami uku ne a wani ɗan rumbu na daban bayan ɗakin Inna. Gero ne mai dogon kai, kusan tsawon hannu, wanda surukina ya gada wajen ubansa. Kowace kaka da kansa yake shiga gona ya zaɓi kawunan da suka fi cika kafin a yi girbi, bayansa Malam ya ɗora. Duk yunwar azumin nan ko kallon rumbun ba mu yi ba. Manomi na sayar da rigarsa, ba ya sayar da irinsa, balle irin ubansa.

Alƙali ya dubi Inna. Ta kafe ido a tabarma, leɓenta na motsi, magana ta ƙi fita. Malam Audu ya ce shi ba shi da bakin magana a kan irin wani. Iska mai sanyi ta shigo zauren ta ɗaga takardun magatakarda, a waje 'yan kasuwa suka fara kiran a rufe kaya.

Ni da ban taɓa buɗe baki gaban maza ba, sai na ji muryata.

“A ba shi.”

Kowa ya juyo. Alƙali ya ce, “Wace ce wannan?”

Malam Audu ya ce matar mai gonar ce.

“Kin san abin da kike hwaɗi, yarinya?”

“Na sani, ranka shi daɗe. In mijina ya zo, ni na bayar. Ba Inna ba.”

Alƙali ya sake duban Inna. Ta daɗe, sannan ta gyaɗa kai sau ɗaya. Alhaji ya ciro takardar jinginar daga aljihu, magatakarda ya yi rubutu a bayanta, aka miƙa wa Inna. Alƙali ya haɗa mu da ɗan aikensa, Alhaji ya ba shi zobensa shaida don Mati ya yarda. Ba tafiya muka yi ba, gudu ne. Inna da tsufanta ta riƙe zane a hannu tana haki. Ruwan ya kama mu muna hango gawo. Ruwa ne na gaske, mai manyan ɗigo, kafin mu ƙarasa hanya ta zama rafi. Muka samu Mati da mutanensa sun fake a gindin itace, buhun iri a rufe da tabarma, bakinsa a ɗaure. Ɗan aike ya nuna masa zobe. A ranar, ruwa na ɗaukewa, Mati ya bi mu gida ya ɗora dami ukun a jakinsa. Inna ta shige ɗaki don kada ta gani.

Washegari kowa ya fita shuka. Mu ma muka fita, da sungumi da ƙwarya babu komai ciki. Sarkin Noma ne ya fara zuba mana tafi biyu, Hansai ta kawo ɗan abin da ta rage, wannan ya ba da ƙoƙo, wancan rabin ƙoƙo. Malam Audu ya yi mana saran, ni da Inna muna bi muna zubawa muna takewa. Gero kala biyar muka shuka a gonar gawo.

Kwana takwas bayan nan Malam ya iso, baƙi, ƙasusuwan wuya a waje, da fam biyu a lalita. Ta gona ya biyo, ya ga tsiro, ya shigo gida yana hamdala. Inna ta ba shi takardar. Ya sha ruwa, ya zaga baya, sai na ji ya buɗe murfin ɗan rumbun. Ya daɗe a can. Da ya dawo na durƙusa na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Bai yi faɗa ba, bai ce na kyauta ba. Ya ɗauki fartanya ya fita.

Haka muka yi damina. Yana cin tuwona, yana yi wa 'yarsa wasa, yana amsa gaisuwata, amma maganar iri ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Geron ya fito wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani na fure, masu wucewa na yi mana ba'a. Takin Alhaji dai ya yi aiki, mun samu abin da ya kai mu wata kaka. Kullum ina jira ranar da zai ce in je gida Karofi in huta.

Da aka fara girbi, wata safiya ya fita bai ce ina za shi ba. Daga baya na ji Dutsin-Ma ya tafi, ya shiga cikin 'yan ƙwadago a gonar Alhaji, mutumin da bai taɓa yi wa wani aikin kuɗi a ƙasarsu ba. Ya wuni yana yankan gero. Da aka zo biya ya ce kada a ba shi ko anini, a bar shi ya shiga ya zaɓi kai bakwai na zangon ubansa da hannunsa.

Gab da magariba ya shigo da su a rungume, dogaye, cikakku. Inna ta gane su tun daga ƙofa, ta tashi ta miƙa hannu biyu. Ya ce, “Yi haƙuri, Inna.” Ya wuce ta, ya zo inda nake tsugune bakin murhu, ya ɗora mini su a cinya.

Ya ce, “Tashi ki sa a rumbu. Daga yau ke ke riƙon iri.”